Yadda ake amfani da wasannin bidiyo na motsa jiki wajen jinyar ciwon gwiwar matasa a gida

Ɗan yayata yana da shekara 13 lokacin da na lura ya daina zaman tahiya yadda ya saba. Sai ya karkace, ya miƙe ƙafar dama gefe guda, in an sallame kuma sai ya dafa bango kafin ya tashi. Da na matsa masa da tambaya, ya ɗage wando ya nuna mini wani ɗan tudu a ƙasan ƙoƙon gwiwarsa, daidai inda ƙashin ƙwauri ya fara. Yatsa kawai na ɗora, ya janye ƙafa kamar na ɗana masa garwashi. Ya ce, "Kawu, wata uku ke nan. In na buga ƙwallo da yamma, da shi nake kwana." Bai gaya wa kowa ba don ya san hukuncin da za a yanke: a daina ƙwallo.

Muka kai shi asibiti, likita ya duba, ya tura mu sashen gashi, inda ake jinyar gaɓoɓi da atisaye, aka ba shi takarda mai zanen atisaye guda huɗu da zai riƙa yi a gida. Kwana biyar ya yi yana bi. A na shida na tarar da ƙanwarsa tana fifita da takardar. Kuma ban ga laifinsa sosai ba. Wane yaro ne zai kwanta a tabarma yana ɗaga ƙugu sau 30 shi kaɗai a ɗaki, alhali yana jiyo ihun abokansa daga fili?

Ba a gidanmu kaɗai ake fama da wannan ba. Masu bincike a birnin Aalborg na ƙasar Denmark sun taɓa ba wa matasa masu ciwon gwiwa robar atisaye da aka maƙala wa na'urar ƙirge. Da aka duba, abin da yaran suka yi bai wuce kashi 15 cikin 100 na aikin da aka ɗora musu ba, duk da cewa abin da suka rubuta sun yi ya ninka haka. To a nan ne wasan bidiyo yake da rana. Shi ba magani ba ne. Maganin yana cikin rage wa gwiwa nauyin da ya fi ƙarfinta na ɗan lokaci, da ƙarfafa tsokar cinya da ta ƙugu sannu a hankali. Aikin gem shi ne ya jawo yaro ya zo kan tabarmar kullum ba tare da an yi ta kiran sunansa ba. Ga yadda ake haɗa su.

Mataki na 1: A fara sanin wane ciwo ne

Kada a kunna komai sai ma'aikacin lafiya ya ga gwiwar. Yawancin ciwon gwiwar 'yan shekara 10 zuwa 18 da ba faɗuwa ta kawo shi ba, iri biyu ne ko uku, kuma su wannan tsari ya shafa.

Na farko shi ne irin na ɗan yayata, wanda likitoci ke kira Osgood-Schlatter, da sunan likitoci biyu, ɗaya ɗan Amurka ɗaya ɗan Suwizalan, da suka yi bayaninsa a 1903. Babbar tsokar gaban cinya tana saukowa ta rungume ƙoƙon gwiwa, sannan ta ɗaure da wata jijiya mai kauri a saman ƙashin ƙwauri. A jikin yaro mai tasowa, wannan maɗaurin bai gama ƙwari ba, akwai sauran guringuntsi. Duk gudu, duk tsalle, duk shuri, jijiyar tana fizgar wurin. In fizgar ta yi yawa sai ya kumbura ya yi tudu, ya riƙa zafi in an taɓa ko an durƙusa a kai. Ya fi kama maza tsakanin shekara 12 zuwa 15, lokacin da suke zabura da tsawo, mata kuma sukan riga su da shekara ɗaya ko biyu. Akwai ɗan'uwansa da ke kama bakin ƙoƙon gwiwar daga ƙasa, dalilinsu ɗaya.

Na biyu ba ya da tudu. Ka ce wa yaro ya nuna inda ke ciwo, sai ya shafa gaban gwiwar duka da tafin hannu. Yana tashi ne wajen saukowa daga bene, ko tsuguno a banɗaki, ko bayan dogon zama a benci ko a mota ƙafa a lanƙwashe. Wannan ciwon kewayen ƙoƙon gwiwa ne, kuma ya fi yawa ga 'yan mata, ko da ba sa wani wasa.

Akwai alamomin da in an ga ɗaya daga cikinsu, maganar gem ta ƙare, asibiti za a nufa ranar. Gwiwa ta kumbura ta yi zafi ga zazzaɓi. Ciwon da ke tayar da yaro daga barci ko da bai yi wasa ba, ko kumburi mai tauri da ke ƙaruwa a ƙashi, domin ciwon dajin ƙashi a matasa ya fi son kusa da gwiwa. Gwiwar da ke sarƙewa ta ƙi miƙewa, ko take sullewa bayan an murɗe ta a fili. Yaron da ya kasa taka ƙafar. Sai kuma wanda mutane suka fi mantawa: yaro mai ɗingishi yana kukan gwiwa, alhali matsalar a ƙugu take. Kan ƙashin cinya yakan goce daga mazauninsa a wajen masu tasowa, musamman masu jiki, zafin kuma ya sauko gwiwa. Mai sikila ma haka, ƙashin ƙugunsa na iya lalacewa saboda toshewar jini ya riƙa jin abin a gwiwa. Don haka in yaronka mai sikila ne, kada ka ɗora shi kan wannan tsari sai likitansa ya amince. A roƙi mai dubawa ya juya ƙugun ya gani, ba gwiwa kaɗai ba.

Manyan asibitoci irin su Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano suna da sashen gashi, haka ma asibitocin koyarwa na sauran jihohi. Zuwa ɗaya ko biyu ya isa a koya wa yaro yadda ake atisayen daidai. Tudun nan kuwa ba targaɗe ba ne, ba gocewar ƙashi ba ce. Ba ya buƙatar ɗauri, ba ya buƙatar tsaga ko ƙaho, murza shi da ƙarfi ma ƙara fusata shi yake yi.

Mataki na 2: A koya wa yaro auna zafinsa

Wannan ne linzamin komai, don na'ura ba ta jin abin da gwiwa ke ji. A zana layi a bangon littafi daga 0 zuwa 10. Sifili babu zafi, 10 shi ne mafi tsananin da zai iya tunani. Dokar ita ce: yayin atisaye ko wasa, zafi kada ya wuce 2. Sannan washegari da safe, in ya tashi zuwa alwala, gwiwar kada ta fi jiya ciwo. In ta fi, abin da aka yi jiya ya yi yawa, a koma baya taki ɗaya.

Yaro zai yi ƙarya a kan wannan lamba, ba don mugunta ba, don yana son a bar shi ya ci gaba. Ni na daina tambayarsa "yana ciwo?" saboda amsar kullum "a'a" ce. Sai in ce, "Hau matakalar nan ka sauko in gani." Fuskarsa da yadda yake saurin sauke nauyi kan ɗaya ƙafar su ke ba ni amsa. A sami ɗan littafi a riƙa rubuta kwanan wata, wasan da aka yi, minti nawa, lambar zafi lokacin wasa, da ta washegari. Shi zai rubuta da hannunsa.

Kada a ba shi maganin kashe zafi kafin ya fara. In an rufe bakin ciwo, an kashe ma'aunin ke nan.

Mataki na 3: A duba abin da ke hannu kafin a je kasuwa

Na'urori uku ne suka yi suna a wannan fanni, kowacce da abin da take gani da wanda ba ta gani.

Nintendo Wii ta fito a 2006, sannan a ƙarshen 2007 aka fitar da Wii Fit tare da wani farin faifai da ake takawa, mai auna yadda mutum ke raba nauyinsa tsakanin ƙafafu. Tsohuwa ce, sai dai a same ta ta hannu, amma a ganina ita ta fi dacewa da farkon jinya. Ba ta buƙatar intanet, tana shiga tsohuwar talabijin da wayar nan mai kai ja da fari da rawaya, kuma faifan ba ya yarda a yi tsalle a kansa: in ka daka tsalle wasan yakan tsaya ya yi maka gargaɗi. Batir huɗu ƙanana yake ci. In za ka saya ka lura da abu biyu. Wadda aka yi don Amurka, cajarta ta wuta mai ƙarfin 120 ce, in ka soka ta kai tsaye a soket ɗinmu za ta ƙone. Kuma faifan CD na wasan Amurka ba ya aiki a na'urar Turai. A sa mai shago ya kunna komai a gabanka.

Kinect na Xbox 360 ya fito a 2010. Kyamara ce da ke kallon jiki gaba ɗaya, ba a riƙe komai a hannu. Tana son a ba ta tazarar kusan mita 2, ba ta son hasken rana kai tsaye, kuma jallabiya ko dogon hijabi suna rikita ta, sai da wando da riga daidai jiki. Matsalarta ita ce wasanninta da yawa na tsalle ne da sunkuyo da sauri, sai an tace.

Ring Fit Adventure na Nintendo Switch ya fito a 2019. Ana riƙe wani zobe mai tauri ana matsa shi, a ɗaura wani maɗauri a cinyar hagu. Labari ne na tafiya ana yaƙi da dodanni, makamin kuwa shi ne atisaye: tsuguno, ɗaga ƙugu, matse cinya. Yara na son sa ƙwarai. Ana iya saita wahalarsa daga 1 zuwa 30, akwai sashen da mutum ke jera atisayen da yake so kaɗai, akwai kuma saitin sauƙaƙa wa gwiwa da ke ɗauke motsin da ke matsa mata. Switch tana da batirinta da allonta, ko an ɗauke wuta ana iya jingine ta a tebur a ci gaba. Tsada ce matsalarta.

Akwai kuma Just Dance Now, wanda waya ce abin riƙewa, allon kuma kwamfuta ko talabijin mai intanet. Ba kowane gida ne zai yarda da kiɗa da rawa ba, wannan hukuncin masu gida ne. Abin sani shi ne motsin hannun da ke riƙe da wayar kaɗai yake ƙirgawa, don haka ana iya cin maki ba tare da an bi tsallen da ke allo ba.

In babu ko ɗaya, kada a ci bashi. Akwai dabara a mataki na 7.

Mataki na 4: Wuri da lokaci

A share fili kamar faɗin tabarma biyu, a janye tebur da kujeru. Tayil da safa ba sa haɗuwa, ko dai ƙafa tsirara ko takalmin kambas, sai dai faifan Wii da ake hawa ba takalmi. A shimfiɗa darduma mai kauri don atisayen kwance. A tsayar da lokaci ɗaya, bayan la'asar ko bayan isha, gwargwadon makaranta da Islamiyya da lokacin da ake samun wuta a unguwa. Ruwan sha a kusa.

Mataki na 5: Mako 4 na farko, lallashin gwiwa

Wannan ne lokacin da ya fi ɗaci, don a cikinsa ake dakatar da ƙwallo da gudu da tsalle. Ba kwanciya za a yi ba, tafiya makaranta da aike duk suna nan. Abin da ke tayar da zafin kawai ake ajiyewa. Waɗancan masu bincike na Denmark sun gwada wannan tsari a kan yara 151 'yan shekara 10 zuwa 14 masu ciwon kewayen ƙoƙon gwiwa: rage wasa da farko, sannan atisaye, sannan komawa fili daki-daki. Bayan mako 12, kashi 86 cikin 100 sun ce sun sami sauƙi sosai. Na gaya wa ɗan yayata wannan lamba, kuma ta fi duk wani wa'azina shiga kunnensa, don ta nuna masa abin yana da ranar ƙarewa.

Atisaye biyu ne a wannan zango. Na farko, gada: ya kwanta rigingine, gwiwoyi a lanƙwashe, tafin ƙafa a ƙasa, ya matse ɗuwawu ya ɗaga ƙugu har cinya da ciki su miƙe layi ɗaya, ya ɗan tsaya, ya sauke a hankali. Sau 10, a huta, har zagaye 3, kwana ɗaya a yi kwana ɗaya a bari. Na biyu, tura bango: ya zauna a kujera yana fuskantar bango, yatsun ƙafa na taɓa shi, ya tura kamar zai miƙe ƙafar amma bango ya hana. Ya riƙe daƙiƙa 30, ya saki, har sau 10, kullum. Cinya ce za ta ɗauki zafi, ba gwiwa ba. In gwiwa ta amsa, ya rage ƙarfin turawar.

Ƙa'idar gidanmu ita ce atisaye kuɗin shiga ne. Rimot yana aljihuna sai an gama waɗannan biyun. Daga nan minti 15 na gem, amma irin wanda ake yi a tsaye ba tare da lanƙwasa gwiwa sosai ba. A Wii, wasan dambe da na tanis da na gangara ƙwallo don kayar da kwalabe duk na hannu ne, suna sa zufa ba tare da sun taɓa gwiwa ba. A kan faifai akwai wanda ake karkata jiki dama da hagu ana tare ƙwallo da ka, ana kauce wa takalman da ake jefowa, da wanda ake karkata tebur don a zura ƙwallaye cikin rami. Waɗannan suna koya wa yaro raba nauyi daidai, kuma a nan za ka ga abin mamaki: ɗigon da ke allo zai nuna maka ƙarara yadda ya daɗe yana jingina kan lafiyayyar ƙafar ba tare da ya sani ba. A Ring Fit, a kunna saitin sauƙaƙa wa gwiwa, a zaɓi atisayen hannu da na ciki, da na ɗaga ƙugu wanda shi ne gadar nan tamu da aka sa wa riga.

In gwiwa ta yi zafi bayan an gama, a ɗauko fiya wata da ta daskare, a naɗe a tsumma, a ɗora minti 10 zuwa 15. Ban da mai sikila, shi sanyi tayar masa da ciwo yake yi. Wajen salla kuma a ninke tawul a ƙarƙashin gwiwa, in abin ya yi tsanani rangwamen yin salla a zaune sananne ne.

Mataki na 6: Mako na 5 zuwa na 12, gina ƙarfi

In littafin ya nuna zafi ya tsaya a 2 ko ƙasa, safiya kuma lafiya, sai a ƙara kaya. Yanzu ƙugu ake nema, saboda tsokar gefen ƙugu ita ke riƙe cinya kada ta faɗa ciki. In ta yi rauni, duk takun da yaro ya yi gwiwarsa tana karkata wajen 'yar'uwarta, ƙoƙon kuma yana gugar gefe ɗaya.

Ya kwanta ta gefe, ƙafar sama a miƙe, ya ɗaga ta kamar kamu ɗaya, dunduniya ta ɗan ja baya, ya sauke a hankali. Sau 10 zuwa 12, zagaye 3, kowane gefe. In ya yi sauƙi a ɗaura roba a cinyoyi, tsohon tub na keke da aka yanka ya isa. Sai tsugunon bango: ya jingina baya da bango, ƙafafu gaba kaɗan, ya zame ƙasa kwata, ba rabi ba, ya riƙe. Da daƙiƙa 10 ake farawa. Bayan mako biyu ko uku a shigo da hawa matakala: bulo ɗaya a kwance, ya hau da ƙafa mai ciwo, ya sauko yana ƙirga uku. Saukowar ce aikin, ba hawan ba. Duk waɗannan sau 3 a mako ne, ba kullum ba, don tsoka a ranar hutu take ginuwa.

Gem ɗin ma sai ya girma. A Wii Fit akwai na hawa da sauka daga faifai bisa kiɗa, tsayin faifan bai fi yatsu uku ba, ya dace da farawa. Akwai na zamiya kan ƙanƙara tsakanin tutoci, da na tsayuwa da ƙafa ɗaya. A Kinect Adventures akwai wanda mutum ke cikin akwatin gilashi a ƙarƙashin ruwa yana toshe ɓula da hannu da ƙafa, wanda ke sa taku gefe da gefe ba tsalle. Na kwalekwale da na kauce wa shingaye kuwa a ajiye su zuwa ƙarshe. A Ring Fit a kashe saitin sauƙaƙawa, a bar wahala ƙasa da 10, a shigo da tsuguno kaɗan kaɗan. Lokaci ya tashi daga minti 15 zuwa 20 ko 25.

Ga inda babba ba zai iya barin ɗaki ba. Maɗaurin Ring Fit kusurwar cinyar hagu kawai yake aunawa. Faifan Wii nauyi kawai ya sani. Babu wanda ya san ko gwiwa ta faɗa ciki, ko dunduniya ta ɗaga, ko yaro ya jefa duk nauyinsa kan ƙafa ɗaya. Mafi muni ma, wasan yakan yaba wa wanda ya tsuguna ƙasa sosai ya ba shi ƙarin maki, alhali zurfin nan shi ne abin da ba ma so yanzu. Don haka sau ɗaya a mako ka tsaya gabansa ka ɗauke shi bidiyo da waya, ku kalla tare. Ƙoƙon gwiwa ya kalli yatsan ƙafa na biyu. Ɗuwawu ya ja baya kamar mai neman kujera. Ni har kujera na riƙa ajiye masa a baya da filo biyu a kai, in ya taɓa filo ya tashi, ko dodo ya mutu ko bai mutu ba. Da mako ya zagayo sai in cire filo ɗaya.

Kuskuren da na yi a mako na 6 gasa ce. Ranar Juma'a 'ya'yan ƙanena suka zo, na ga gida ya cika da dariya, na bar su suna karɓa-karɓa a wani wasan tsalle, har ina tafa musu. Kusan awa ɗaya suka yi. Da asuba na ga yaron yana jan ƙafa zuwa masallaci, da na tambaya ya ce, "Kawu, 6 ne," kansa a ƙasa. Kwana 10 muka koma kan gada da tura bango kafin mu dawo inda muke. Tun daga ranar, in za a yi gasa, a kan wanda ya fi daɗewa a tsaye da ƙafa ɗaya ake yi, ko wanda ya cika kwanakinsa a littafi. Kuma agogo ne ke tayar da wasa, ba gajiya ba.

Mataki na 7: In babu na'ura

Kusan duk yaro yana buga ƙwallon waya, Dream League Soccer ko eFootball, ko yana zuwa gidan gem. Ana iya mayar da wannan na zaune ya zama na motsi da doka kawai. Kafin a take wasa, gada 10. Lokacin hutun rabin lokaci, tsugunon bango. Duk ƙwallon da aka zura masa, ɗaga ƙafa ta gefe sau 5 kowane ɓangare. Zagaye na biyu kuma a tsaye ake buga shi, ana sauya ƙafar da aka tsaya a kai duk lokacin da ƙwallo ta fita. In yayansa ne abokin karawa, dokar ta hau kansu duka, in ba haka ba zai ga kamar horo ne ake masa. A sa iyaka ga jimillar, kada ranar da aka lallasa shi da ci 7 ta zama ranar da gwiwa za ta biya.

'Yan mata sun fi cutuwa da shiru a wannan ciwo, don ba a ganin suna wani wasa balle a zargi gwiwa, ga tsugunon wanki da wanke-wanke kullum. A sama musu kujera 'yar tsuguno mai ɗan tsayi, a kuma ba su lokacinsu na allo su kaɗai ko da 'yan'uwansu mata, ba a gaban samarin gida ba.

Mataki na 8: Komawa fili

Wannan yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da mataki na 6, daga mako na 5. Tsani ne, ba a tsallake matakala: tafiya a hankali, tafiya da sauri, keke a shimfiɗaɗɗiyar hanya da sirdi a sama, sassarfa, gudu a miƙe, gudu da juyi, tsalle, atisaye da ƙungiya ba tare da wasa ba, rabin wasa, sannan cikakke. Ana hawa mataki na gaba ne in an yi na yanzu sau biyu ko uku zafi bai wuce 2 ba, safiya kuma ba ta canja ba. Wasannin tsalle na Kinect da gudun Ring Fit suna shiga ne daidai lokacin da aka kai matakin tsalle da gudu a tsanin, ba kafin nan ba. Ranar da aka je fili ba a kunna gem na ƙafa, a bar wa gwiwa aiki ɗaya.

A je a sami kocin da kai, a gaya masa yaro zai dawo amma minti 20 ne a makon farko. In mako 12 suka cika ba a ga sauƙi ba, ko zafin ya sauya wuri ko ya sauya kama, a koma wurin likita da littafin nan a hannu, zai fi gane abin da ya faru daga shafukansa fiye da daga bakin kowa. Tudun ƙasan gwiwa kuwa yakan zauna ko bayan zafi ya tafi, wasu har girmansu, kuma ba alamar ciwo bai warke ba ne. Gada da ɗaga ƙafa ta gefe su ci gaba sau 2 a mako har tsawo ya tsaya, don duk lokacin da yaro ya sake zabura, wandonsa ya ɗage sama da idon sawu, gwiwar na iya sake magana.